Shafin WoRMS: yadda na gano makankarin Itu da na Volta abu ɗaya ne

Jama'a masu karatun kimiyyar dabbobi ko harkar kifi, wannan shafin da ake kira WoRMS wallahi ku riƙe shi da kyau, ni wata uku kenan ina amfani da shi kan furojet ɗina kuma ban taɓa biyan ko sisi ba sai kuɗin data. Adireshinsa marinespecies.org, wata cibiyar binciken teku ce mai suna VLIZ da ke garin Ostend a Beljiyam take riƙe da shi tun 2007, rijista ce ta sunayen halittun teku, masana na ƙasashe daban-daban su ne suke tace sunayen.

Abin da ya kai ni, lokacin bautar ƙasa a Akwa Ibom na ga wani makankari babba da ake cirowa daga kogin Kuros Riba wajen Itu, ana sa naman a miya. Takardun da 'yan Najeriya suka rubuta a kansa yawanci Egeria radiata suke ce masa. To sai kuma na ci karo da takardun Gana suna ta maganar Galatea paradoxa na kogin Volta, wanda mutanen Ada da Sogakofe suke nutso su ɗebo, a tsire naman a sayar a bakin titi, ɓawon kuma a niƙa a zuba a abincin kaji. Ni har na zana tebur zan kwatanta su a matsayin iri biyu fa! Da na rubuta Egeria radiata a shafin nan take ya nuna min ba shi ne sunan da aka amince da shi ba, ya tura ni Galatea paradoxa. Ashe dabba ɗaya ce, sati biyu ina kwatanta ta da kanta.

Inda ya fi burge ni shi ne tsanin dangantakar halittu da yake jero maka a saman kowane suna, daga babban rukuni zuwa ƙarami. Mollusca, sai Bivalvia wato masu ɓawo biyu, sai Cardiida, sai Tellinoidea, sannan dangin Donacidae wanda wani masani Fleming ya raɗa wa suna a 1828. Kowane mataki kana iya latsawa ka ga 'yan uwan da ke ƙarƙashinsa. A nan na ga makankarinmu na kogi ashe danginsa 'yan teku ne, su Donax, ƙananan nan da suke binne kansu a yashin gaɓa inda igiyar ruwa take dukawa, masanin halittu Linnaeus ne ya sa musu suna tun 1758, shi kuwa Galatea ya shigo ruwan daɗi ya zauna. Tsohon littafin da nake da shi ya ajiye dangin ne a ƙarƙashin Veneroida, yanzu an wargaza wancan rukunin, da na kwafa yadda na gani da an maido min da aikin.

Akwai wani ɗan abu da na daɗe ina gani ban san amfaninsa ba, bakan nan da ake sa wa sunan masanin da ya fara bayyana dabbar, Galatea paradoxa (Born, 1778). Ma'anarsa Born ya fara bayyana shi ne a wani jinsi daban, Venus paradoxa ya kira shi, daga baya aka sauya masa gida. Shafin yana nuna maka sunan asalin da duk sauran sunayen da aka taɓa laƙaba masa, kuma kowane suna da lambarsa da suke kira AphiaID, ko an sake sauya wani abu lambar tana nan. Af, ku kula kuma, Egeria sunan wata ciyawar ruwa ce ma, in ka buga shi haka nan a Google sai ka ga hotunan ganye.

Sai dai a san abin da aka je nema. Shafi ne na suna da dangantaka, in labarin yadda dam ɗin Akosombo na 1965 ya sauya gudun Volta har wurin zaman makankarin ya ragu kake so, wannan sai takardun bincike. Da sunan Latin ya fi dacewa ka bincika, ba kumba ko makankari ba. Sannan in dabbar taka ta ruwan daɗi ce ka duba ko an kunna tacewar da ke wurin bincike, mai nuna halittun teku kaɗai, ka kashe ta kafin ka ce babu. A waya yana buɗewa amma rubutun ƙanana ne, na fi jin daɗinsa a kwamfuta.

Mai dogon jerin sunaye kuma akwai Taxon match, ka loda fayil ɗin Excel ya duba maka su gaba ɗaya ya ware waɗanda suka tsufa. Nawa na loda daren jiya, gobe in Allah ya kai mu zan gyara babi na biyu da shi.