Tallafin IBR ko haɗin gwiwa da jami'ar waje? Malama, ki fara da na gida

Malama, tunda kin ce lokacinki ba zai ɗauki biyu ba a bana, ko dai ki nemi tallafin bincike na cikin jami'arku ko ki karɓi tayin haɗin gwiwar da wata jami'ar Turai ta aiko miki, ni na gida zan ce ki riƙe. Na taɓa duka biyun, kuma har gobe wanda nake alfahari da shi shi ne ƙaramin.

Na san ƙorafin da ake yi a kan IBR, wato wannan tallafin na gida, kuɗin da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ke ware wa kowace babbar makarantar gwamnati don malamanta su yi bincike. An daɗe ana tsayar da shi a naira miliyan 2, kuma tun da aka bar darajar naira a hannun kasuwa a watan Yunin 2023 kowa ya san abin da miliyan 2 ta koma. Ba a kuma sakinsa gaba ɗaya: sai kin kai rahoton inda aiki ya tsaya, da rasit na abin da kika kashe, kafin ragowar ta fito. Duk da haka tambayar taki ce. Ke za ki zaɓi ƙauyen, ke za ki tsara aikin, kuma sunanki ne a farkon takardar da za a buga, wanda shi kwamitin ƙarin girma ke dubawa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Nawa na yi shi ne a kan ajiyar wake, bayan Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da ya dame ni, in Turawa sun ƙi ci, ai mu ne ke cinyewa a ƙosai da alale. Muka shiga wani ƙauye da ɗalibaina mata, don su ne ke iya shiga cikin gida. Tambayarmu a takarda ita ce me ya sa mutane suka ci gaba da zuba fiya-fiya alhali ga buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da ɗigon magani ba. Mun ɗauka tsada ce. Sai wata dattijuwa mai tuyar ƙosai ta ja ɗalibata zuwa ɗakinta, ta kwance bakin buhun, ta ɗebi kwano biyu, ta mayar ta ɗaure. Ta ce haka take yi duk jajibirin kasuwa, ga shi nan ƙwari sun cinye mata wake, buhun banza ne. Ashe ba wanda ya taɓa gaya mata cewa duk buɗewa sabuwar iska take ba su. Daga nan aikin ya juya. Muka gwada raba waken gida biyu: na ajiya a buhu, a ɗaure a ɗora kan katako nesa da ɓera, ba a taɓawa sai bazara, na yau da kullum kuma a jarka mai murfi. Ban nemi izinin kowa a wata ƙasa ba kafin in sauya tambayar, takarda ɗaya na rubuta wa kwamitin bincike na makaranta. Da muka koma ba da sakamako, a ƙofar gidan mai gari muka yi bayani da Hausa, mata na cikin zaure suna jefo tambayoyi. Wannan komawar tana da muhimmanci a wurinmu, don tun gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 mutanenmu ke ɗari-ɗari da duk wanda ya zo da takarda da biro. Wanda ya dawo ya faɗi abin da ya gano shi ake buɗe wa ƙofa a karo na biyu.

Na wajen kuwa, to, an samu na'ura a ɗakin gwaji, ɗalibi ɗaya ya je ya yi wata uku ya dawo, sunana ya fito can kusa da ƙarshe. An riga an rubuta tambayoyin kafin a neme mu, namu tattara bayanai ne kawai. Ba zan ce ba shi da amfani ba, shi kansa buhun PICS daga aikin jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken Kamaru a Marwa ya samo asali, kuma Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero ta bunƙasa da kuɗin Bankin Duniya. Amma famfon ba a hannunki yake ba. A 2021 Birtaniya ta rage tallafin ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigarta, ayyukan GCRF, asusunta na tallafin bincike a ƙasashe masu tasowa, suka tsinke a tsakiya. A farkon 2025 aka dakatar da ayyukan USAID, hukumar tallafi ta Amurka. Ranar da irin haka ta faru da aikinki, ke ce za ki tsaya gaban mai gari ki yi bayani.

Kada ki rufe wa Turawan ƙofa. Ki rubuta musu cewa kina da aiki a hannu bana, baɗi a zauna. Wadda ta zo da bayananta da takardarta da aka buga, da ita ake tsara aikin tun farko, kuma a lokacin ki nemi a rubuta wa ke da bayanan, sunan wa zai fito a ina, nawa ne kason jami'arku. Takardar da kika buga ce kuma za ta ba ki ƙafar neman NRF, babban asusun binciken TETFund na ƙasa baki ɗaya.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da 'yan kasuwar wannan harka, don sun yi yawa. Akwai mai cewa ya san wani a Abuja, ki kawo kaso ya tura miki takarda. IBR ta hannun kwamitin makarantarku yake bi, ba a sayensa. Akwai masu sayar da rubutaccen tsarin bincike, wanda sun riga sun sayar wa mutum biyar. Akwai saƙon imel mai cewa kin ci tallafin dala, sai dai ki biya kuɗin rajista: mai ba da tallafi na gaskiya ba ya karɓar ko sisi. Waɗanda suka fi ci min rai su ne mujallun bogi, masu alkawarin buga takarda cikin sati biyu in an biya. Da gumin matan ƙauye za ki tara bayanai, ki kai inda kwamitin ƙarin girma zai soke. Kafin ki tura, ki nemi sunan mujallar da kanki a Scopus ko AJOL, shafukan da ke jera mujallun bincike, kada ki yarda da tambarin da suka liƙa a shafinsu.

Gobe ki leƙa ofishin jami'in TETFund na makarantarku ki ji ranar rufe karɓa. Ki fara neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike tun yanzu, don shi ke cin lokaci, kuma a kasafin ki ware kuɗin mota na komawa ƙauyen da sakamako.