Eyafiraya ko Ƙaramin Obin na Lantarki: Wanda Ya Fi Dacewa da Kek ɗin Karas

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambaya wace na'ura za ki saya domin gasa kek ɗin karas. Idan zaɓin naki tsakanin eyafiraya ne (na'urar da ke soya ko gasa abinci da iska mai zafi) da ƙaramin obin na lantarki irin wanda ake ɗorawa a kan kanta, kuma kek ɗin karas ɗin na cin iyali ne ba na sayarwa ba, to ki sayi eyafiraya. Duka biyun ina da su, amma ita ce take jone a kicin kullum, shi kuwa obin ɗin yana can saman kabad a lulluɓe da leda.

Babban dalilina shi ne wutar lantarkinmu. Eyafiraya cikinta ƙarami ne, ƙarfen da ke ba da zafi yana sama, fanka kuma tana bayansa tana hura iskar ƙasa da ƙarfi, tsarin da bai sauya sosai ba tun da kamfanin Philips ya fito da irinta a shekarar 2010. Saboda haka cikin minti uku ta ɗauki zafi, alhali obin yana buƙatar minti 10 zuwa 15 kafin a sa masa komai, kuma wannan ratar tana da yawa ga mai gashi da wutar da ba ta san lokacin ɗaukewarta ba. Ranar jajiberin ƙaramar Sallah da ta wuce an kawo mana wuta bayan la'asar, na riga na goge karas na auna fulawa, sai kawai na kwaɓa na zuba a gwangwani na tura. Kafin a kira magariba ƙamshin kirfa ya cika tsakar gida, kek ya fito saman nan ya yi ja, ya ɗan tsage a tsakiya, jan karas na leƙowa daga cikin tsagar. Surukata, wadda ba ta cika son kayan zaƙi ba, ita ce ta ce a yanka mata nata a naɗe daban domin ta sha shayi da shi da safe. Ana idar da salla aka ɗauke wutar, kuma da a obin na sa shi, da a tsakiyar gashi za ta bar ni.

Sai dai kek ɗin karas yana da halinsa, kuma wanda bai san shi ba zai ɗora wa na'urar laifi. Kwaɓinsa yana da nauyi da danshi, domin karas kusan kashi 88 cikin ɗari ruwa ne, ga shi da mai ake yinsa ba da bota ba. Zafin eyafiraya kuwa daga sama yake saukowa, don haka idan kika bi abin da aka rubuta wa masu obin, wato digiri 180, saman zai yi duhu har ya fara ƙauri yayin da tsakiyar take nan ɗanya. Ki sauke zafin zuwa digiri 150, ki ba shi minti 35 zuwa 45, gwargwadon zurfin gwangwaninki. Bayan minti 20, idan kin ga saman ya yi launin da kike so, ki rufe shi da takardar foyil, amma ki lanƙwasa gefenta ta kama bakin gwangwanin sosai, domin idan kika ɗora ta sakaka fankar za ta ɗaga ta har ta manne da ƙarfen da ke sama, kuma wannan hatsari ne na gaske. Kafin minti 20 ɗin nan su cika kada ki riƙa jawo kwandon kina dubawa, saboda kwaɓin bai kama jikinsa ba, yana iya lotsawa.

Gwangwanin ma yana da muhimmanci. Ki nemi na alminiyom mara kauri, mai faɗin santimita 15 zuwa 18, wanda idan ya zauna a kwandon zai bar sarari kamar faɗin yatsa ta kowane gefe domin iska ta samu hanyar zagayawa ƙasa. Kada ki cika shi fiye da kashi biyu cikin uku. Mai rami a tsakiya ya fi kowanne, domin ya kawar da wurin da ya fi jinkirin nuna. Ma'aunin da ke cika mini gwangwani mai santimita 18 shi ne fulawa kofi ɗaya da kwata, sukari kwata uku na kofi, man gyaɗa mara ƙarni rabin kofi, ƙwai biyu, gogaggen karas kofi ɗaya da rabi, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya, bekin soda rabin ƙaramin cokali, kirfa ƙaramin cokali ɗaya, sai ɗan gishiri da gyaɗar ƙamshi kaɗan. Karas ɗin a goga shi da ƙananan haƙoran magogi, kada a markaɗa, domin markaɗaɗɗe yana sakin ruwansa gaba ɗaya ya mayar da kek ɗin kamar alala. Na lokacin sanyi, sa'ad da yake cika kasuwa irin 'Yankaba a Kano da araha, ya fi zaƙi da kauri, har nakan rage sukari idan da shi zan yi.

Idan kin soka tsinken sakace a tsakiya ya fito ba kwaɓi, ya nuna. Wani lokaci za ki juye shi ki tarar da ƙasan ya yi fari da ɗan danshi, kuma wannan shi ne raunin eyafiraya da ba zan ɓoye miki ba. Maganinsa ki mayar da shi a kife, ƙasan yana kallon sama, na minti biyar.

Shi obin ɗin, gaskiya yana ba da zafi sama da ƙasa, yana ɗaukar babban gwangwani, kuma kina ganin abin da ke ciki ta gilashi. Nawa dai bayansa ya fi gabansa zafi, lambobin da ke jikin maɓallinsa ba su dace da ainihin zafin ciki ba, sai na yi ta juya gwangwani. Idan kuwa nufinki kek na suna ko biki ko na oda, babu wanda zai wadatar da ke a cikinsu, sai babban murhun gas mai obin, domin eyafiraya kek ɗaya ƙarami take yi a lokaci guda.

Wajen cin wuta kusan ɗaya suke, yawanci tsakanin wat 1,200 zuwa 1,800. Mai wat 1,500 idan ta yi minti 40 ba za ta wuce yunit ɗaya a mita ba. Ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ki jona ta a soket na bango kai tsaye, domin wayar ekstenshan mai araha tana narkewa da irin wannan nauyi.

Ba ki tambaya ba, amma ina jiye miki 'yan kasuwa marasa amana, domin wannan kaya ya zama abin yayi kuma algus ya yi yawa a cikinsa. Akwai masu manna takardar lita 8 ko 10 a kwali alhali kwandon bai kai lita 5 ba, don haka ki tafi da gwangwaninki a jaka, ki sa shi a ciki da hannunki kafin ki yi ciniki. Akwai masu liƙa sunan babban kamfani a kan kayan da ba nasa ba, za ki gane su da rashin nauyi da siririyar waya da warin roba idan an kunna. Idan ta gwanjo ce, ki kifa ta ki karanta abin da aka rubuta a ƙasanta: wadda aka yi wa Amurka bolt 110 zuwa 120 take ɗauka, wutarmu kuwa 220 zuwa 240 ce, kina jona ta za ta ƙone, mai shagon kuma zai ce ke kika lalata. Ki duba fentin cikin kwandon, in ya fara ɓarewa ki bar ta komai araharta. Masu tallar hoto a Instagram da WhatsApp waɗanda ke cewa sai an tura kuɗi gaba ɗaya kafin a ga kaya, kada ki saurare su sai in wata da kika sani ta taɓa saya a wurinsu. A shago kuma ki sa a kunna ta a gabanki ta yi minti biyar, ki ji ƙarar fankar, ki tabbatar zafin yana sauka har digiri 150 ko ƙasa da haka, sannan ki karɓi rasit.

Ki ɗauki mai lita 5 zuwa 6 wadda kwandonta yake da kusurwa huɗu, domin ya fi mai zagaye ɗaukar gwangwani, kuma idan kin samu mai maɓallin murɗawa ki fifita ta a kan mai allon taɓawa, saboda ba ta da allon lantarkin da hawa da saukar wuta zai lalata, gyaranta ma ya fi sauƙi. Allah Ya sa albarka a abin da za ki saya.