Manhajar ELAN: neman minti ɗaya a cikin bidiyon awa ɗari

Duk gidan talabijin ko sashen jami'a da ya daɗe yana ɗaukar bukukuwan jihar Kebbi yana da tarin bidiyo jibge: kamun kifi na Argungu, Uhola ta Zuru, Rigata ta Yauri, hawan sallah, hirarraki da dattawa. Wurin ajiya ya yi araha yanzu. Wahalar tana zuwa ne ranar da edita ya ce a nemo masa inda Sarkin Ruwa ya yi bayani a bakin kogin Matan Fada, mutum uku su zauna suna tura faifai gaba suna dawo da shi baya, biyu daga cikinsu ma faifai ɗaya suke kallo ba su sani ba.

ELAN manhaja ce ta kyauta daga Cibiyar Max Planck ta nazarin harshe da ke Nijmegen a ƙasar Holan. Don masu nazarin harshe aka gina ta, amma tana amfanar duk ƙungiyar da ke son ta riƙa gano abin da ke cikin bidiyonta. Hukuncinmu a kanta shi ne: wajen nema tana da ƙarfi ƙwarai, wajen haɗa mutane su yi aiki lokaci guda tana da rauni, kuma ba ta nemo komai sai abin da wani ya zauna ya rubuta mata.

Tana aiki a Windows da macOS da Linux, babu ta waya. Da zarar an sauke ta an girka, ba ta ƙara buƙatar intanet, wanda babban abu ne ga mai aiki a Kamba ko Bagudo. Rubutun fuskarta akwai Turanci, akwai Faransanci ga abokan aiki na tsallaken iyaka, babu Hausa. Yadda take aiki kuwa: bidiyo na sama, a ƙasa akwai layuka da ke tafiya da lokaci. Ka ja daga minti 12 da sakan 40 zuwa minti 13 da sakan 5, ka rubuta abin da ke wurin. Bidiyon ba a taɓa shi. Rubutun yana shiga wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da .eaf. Bidiyon awa ɗaya mai matsakaicin kyau, megabit 2 a sakan, ya kai megabayit 900, shi kuwa fayil ɗin rubutunsa bai cika wuce nauyin hoton waya guda ba. Saboda haka bidiyo sau ɗaya ake raba shi ta filashi, daga nan rubutu kaɗai ke yawo ta WhatsApp ko imel.

Kafin a buɗe manhajar akwai gyaran da in an tsallake shi sai an yi kuka daga baya. Wayoyi da yawa ba sa ɗaukar adadin hotuna iri ɗaya a kowane sakan, suna ragewa idan haske ya yi ƙasa. Irin wannan bidiyon yakan sa rubutu ya yi daidai a farko, can wajen minti na arba'in ya riga magana ko ya biyo bayanta. Maganinsa a bi da shi ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, a mai da shi MP4, a tsayar da shi a hoto 25 kowane sakan. Sai a ciro sautin daban a fayil ɗin WAV, domin zanen igiyar sauti shi ke nuna inda magana ta fara da inda aka yi shiru, ido ya riga kunne yanka. WAV mai bakin sauti ɗaya a kilohaz 16 yana cin wajen megabayit 115 a awa, kuma ya isa ga magana. A kilohaz 48 zai kai 345, babu wata riba ga mai rubutawa. Sannan kowa ya riƙe kwafi ɗaya tak. Idan wani ya datse sakan goma na farkon nasa don ya ga ba komai a ciki, duk rubutun da ya yi zai goce da sakan goma a kwamfutar sauran. ELAN na da wurin gyara wannan tazara a ƙarƙashin Linked Files, amma sai an san ainihin abin da aka datse, kuma da wuya a tuna. Suna ma a ba kowane faifai na dindindin, shekara da wata da rana da gari da lambar kyamara, a ajiye shi jaka ɗaya da fayil ɗin rubutunsa. In an canza suna ko an raba su, ELAN za ta tsaya tana tambayar ina bidiyo.

Batun layuka shi ne zuciyar aikin. Ga tarin bidiyon biki, layi huɗu sun isa: wanda ke magana, abin da ya faɗa, abin da ido ke gani, da ingancin hoto. Na ƙarshen nan editoci ne ke gode masa, don ba amfanin gano wurin da aka ɗaga giwan ruwa a sikeli idan kyamara na rawa ko kan wani ya tare rabi. A tsara layukan sau ɗaya a ajiye su a matsayin ƙwarangwal, fayil mai ƙarewa da .etf, kowa ya fara sabon aiki daga gare shi. Kada a ce sai an rubuta kowace kalma. Wannan aikin masu nazarin harshe ne, kuma yana cin awoyi da yawa a kan kowace awa ta bidiyo. Don nema kawai, a yanka kusan kowane rabin minti a rubuta jimla guda. Awa ɗaya ta zama gutsure 120 ke nan, aikin yini ga wanda hannunsa ya faɗa.

Masu bincike sun daɗe a kan tambayar yadda mutum biyu za su nemi bidiyo tare. Hukumar NIST ta Amurka ta fara gwajin TRECVID a 2001, inda ake ba ƙungiyoyi tarin bidiyo ɗaya da tambayoyi ɗaya a ga wa zai fi ganowa. A 2008 Jeremy Pickens da Gene Golovchinsky da abokan aikinsu a ɗakin bincike na FXPAL a Kalifoniya suka bayyana wani tsari da ya raba aikin gida biyu: mutum ɗaya yana jefa sababbin tambayoyi yana buɗe hanya, na biyu yana tona cikin sakamakon da na farko bai kai ga dubawa ba, kwamfuta kuma tana jera wa na biyun abin da zai duba bisa abin da su biyun suka riga suka zaɓa. Abu biyu ne ke ƙasan wannan: kada a maimaita abin da wani ya riga ya gani, kuma abin da ɗaya ya gano ya isa ga ɗayan nan take. ELAN ba ta yin ko ɗaya daga ciki da kanta. Ba ta san wa ya kalli me ba. In mutum biyu suka buɗe fayil ɗaya a jakar da suke tarayya, wanda ya adana daga ƙarshe shi zai danne aikin ɗan'uwansa, ko a wayi gari da kwafi biyu masu saɓani.

Dole ƙungiya ta yi da hannu abin da wancan tsari ke yi da na'ura, kuma yana yiwuwa. Mutum na farko ya bi bidiyo da sauri a Segmentation Mode, yana latsa maɓalli ɗaya duk inda abu ya canza, ba ya rubuta komai. Ya tura fayil ɗin. Na biyu ya buɗe a Transcription Mode, inda kowane gutsure ke kunna kansa yana jiran rubutu, ya cike layin magana. Na uku, wanda ya san fuskoki da sarautu, ya cike layin masu magana a nasa kwafin. Daga nan mutum ɗaya kaɗai, wanda aka ɗora wa nauyin babban kwafi, ya haɗe su da Merge Transcriptions. A nan ake yawan ɓarna: idan layuka biyu suna da suna ɗaya kuma aka yarda wa manhajar ta rubuta a kan na da, aikin mutum guda ya tafi. In mutum biyu za su taɓa layi iri ɗaya, kowa ya liƙa harafin farkon sunansa a jikin nasa. Sai kuma takarda ɗaya, ko a bangon ofis ce, mai nuna kowane faifai da wanda yake hannunsa da matakin da ya kai. Akwai sashen sharhi a manhajar inda za ka bar wa abokin aiki tambaya a daidai wani sakan, amma raba shi sai ta imel ko jakar tarayya, don haka inda sabis ke yankewa ba a dogara da shi.

Wurin da ta fi burge mu shi ne nema. A nuna mata jaka mai fayiloli ɗari biyu, a rubuta kalma, ta jero duk inda ta fito da kalmomin gefenta, a latsa ɗaya ta buɗe bidiyon a daidai wurin. Nema mai layi da yawa ya fi haka: za ka ce ta kawo inda layin mai magana ya ce Sarkin Ruwa, a lokaci guda layin inganci ya ce mai kyau. Sakamakon kuma ana fitar da shi a buɗe a Excel a miƙa wa edita da mintocinsa.

Sai dai ita harafi take bi, ba ta san Hausa ba. Dattijon Argungu zai ce kihi, ya ce tahi, ya ce biyat. Idan mai rubutu ɗaya ya rubuta yadda ya ji, ɗayan ya mai da shi kifi da tafi da biyar, mai nema rabin abin zai samu, kuma ba abin da zai nuna masa cewa rabi ne. Haka ƙwarya da kwarya idan wani ba shi da haruffa masu lanƙwasa a kwamfutarsa, haka 'y na Najeriya da ƴ na Nijar. Har alamar ɗauri ta cikin jama'a iri biyu ce, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, ido ba ya rarrabewa amma manhajar tana rarrabewa. Ana iya ceto wasu a wajen nema in an kunna Regular Expression, wato nema da alamomin da ke ba da zaɓin haruffa: rubuta ki[fh]i zai kawo kifi da kihi, biya[rt] zai kawo duka biyun, [kƙ]warya ma haka. In aka gajarta zuwa ki[fh] don a kamo kifaye, to har kwalekwalen da ya kife zai shigo. Mu dai shawararmu a bar maganar dattijo yadda ya faɗe ta, domin karin harshen yana cikin abin da ake adanawa, a ƙara layi na biyar na kalmomin nema da daidaitacciyar Hausa. Kowa kuma ya kunna madannan Hausa na Windows ko ya girka manhajar madannai ta Keyman tun ranar farko.

Wannan layi na biyar, da na masu magana, kada a bar kowa ya rubuta da ka. ELAN na ba da damar ƙayyade jerin kalmomi a ɗaura wa layi, mai aiki ya zaɓa daga jeri kawai. Homa misali ne mai kyau: taru ce ta hannu da masunta ke shiga ruwa da ita tare da gora, kuma sarauta ce ta shugaban masuntan Argungu. Idan sarautar na layin masu magana, tarun na layin abin da ido ke gani, an raba gardama. Ana iya ajiye jerin a fayil na waje mai ƙarewa da .ecv domin a gyara wuri ɗaya ya shafi kowa. Mutum ɗaya ne zai riƙa ƙara kalma a ciki, in ba haka ba wata uku ya isa a sami kokawa da kokowa zaune a jeri ɗaya. Yana da kyau a farkon aiki a ba mutum biyu minti goma iri ɗaya kowa ya yi nasa, a gwada. Manhajar tana da wurin auna yawan dacewar masu rubutu biyu, amma ko da ido za a ga inda fahimta ta rabu.

Wasu za su tambayi na'urar da ke mai da magana rubutu. Whisper ta kamfanin OpenAI, wadda ta fito a 2022, ta sa Hausa cikin harsunanta, kuma ELAN na karɓar fayil ɗin rubutun ƙasan allo, irin wanda Whisper ke fitarwa. A hirar ɗaki mai tsabtar sauti ana iya samun abin farawa, amma sai an bi shi layi layi. A bakin kogi, ga kiɗa ga ihun 'yan kallo ga Kabanci, gyaran abin da ta rubuta yakan fi rubutawa daga farko wahala. Hirar Zuru da ake cakuɗa C'lela da Hausa kuwa sai mai jin harshen.

Adanawa ta atomatik a kunna ta a minti biyar, saboda ɗaukewar wuta. Fuskar manhajar ta tsufa, maɓallai sun yi yawa, sabon shiga zai yi kwanaki yana laluben bambancin irin layuka, kuma littafin jagorarta da Turanci yake. Wanda faifansa goma ne, takardar Excel mai suna da minti da bayani ta ishe shi. Wanda ya haura awa hamsin, kuma mutum fiye da ɗaya ke nema a ciki, wahalar koyon za ta biya kanta.

Fayil ɗin .eaf rubutu ne a buɗe, duk wanda ya same shi zai karanta ko ba shi da bidiyon. Idan tarin ya haɗa da hirar mutanen da rikici ya raba da garuruwansu, kada sunan kowa ko na ƙauyensa ya shiga layi. A sa lamba, a ajiye takardar da ke fassara lambobin a hannun mutum ɗaya, ba a wayar da ake tura fayiloli da ita ba.