Kyamarar da aka zura min a hanci

Wata huɗu kunnena na hagu yana toshe, kamar ruwan wanka ya shige ya ƙi fita, ga minsharin da ban saba yi ba. Da na gaji da sayen maganin ɗigawa, sai na nufi wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Yana leƙa kunnen ya ce, "Malam, bayan hancinka nake son gani." A can ne, in ji shi, bakin 'yar hanyar da ke kai wa kunne iska yake. Ya fesa min maganin kashe zafi, ya zura wata siririyar kyamara. Hawaye suka zubo min, amma ko minti 2 ba a yi ba. Ya juyo da allon gabana. Ga tsiron nama nan ja-ja, ya danne bakin hanyar. Gabana ya faɗi.

Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, domin kujera ya jawo ya zauna. Ya ce kowane yaro yana da wannan naman, adinoyid, yakan kuma motse kafin a balaga, sai dai yawan mura, atishawar ƙura ko hayaƙin taba kan kumbura shi ga babba. Wani lokacin ƙullutun ruwa ne kawai. Ga samari matasa akwai wani tsiro mai yawan jijiyoyin jini da ke jawo haɓo. Bai ɓoye min sankara ba: ya ce tana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, an fi samunta a kudancin Sin da arewacin Afirka, kuma toshewar kunne ɗaya ga babba na cikin alamunta, don haka dole a gutsiri naman a gwada.

Da a nan aka tsaya, da kowa zan tura wajensu. Amma sakamakon! Kwana 10 aka ce min, sai da na yi mako 5. In na kira, ba a ɗauka. Na je da ƙafata sau uku ana cewa in dawo, alhali barci ya ƙaurace min, dare ya raba ina lalubar wuyana ko wani ƙullutu ya fito. Ranar da na samu takardar, kwanan watan da ke jiki ya nuna ta yi mako 3 a ajiye.

Alhamdu lillahi, adinoyid ne. Likitan zan koma masa, amma har yau in na wuce teburin karɓar sakamakon nan raina ɓaci yake.