Ka riƙe Pterodactyl ɗinka, ka rabu da fanel ɗin haya

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga hoton da ka turo a zauren nan da 422 ɗin nan, lambar da ke nuna an ƙi buƙatarka, da ke dawo maka duk sanda ka nemi API (hanyar da shiri ke aika wa fanel umarni) ya ƙirƙira maka sabar wasa, na kuma ga kana tambaya ko ka haƙura da Pterodactyl, fanel ɗin kula da sabar wasanni da ka girka da kanka, ka karɓi asusun hayar da wani ya yi maka tayi, wai nasa fanel ɗin ba ya ba da matsala. Kada ka karɓa. Duka biyun sun bi ta hannuna. Ɗaya har yau ina cin moriyarsa, ɗayan kuwa in na tuna riyalolina sai in ja tsaki.

Azumin bara ne, a nan Jidda. Samarin unguwarmu suka matsa min in buɗe musu sabar Minecraft da za su riƙa shiga bayan tarawihi, kowane rukuni da tasa. Na gaji da danne-danne da hannu, sai na rubuta ɗan gajeren shiri da zai riƙa aika buƙata zuwa /api/application/servers ya yi aikin da kansa. Daren farko 422 ya tsaya min a maƙogwaro. Ina zaune a falo, kwamfuta a cinya, shayi ya huce ban ko kurɓa ba, uwargida ta leƙo har sau biyu tana tambaya ko da aljanu nake faɗa. Ashe laifin nawa ne. A gurbin allocation na rubuta 25565, wato lambar ƙofar Minecraft, alhali abin da ake nema a wurin shi ne lambar da fanel ya yi wa ƙofar rajista da ita a rumbunsa. Tawa 7 ce kawai. Kuma fanel ɗin bai ɓoye min ba. A cikin amsar, ƙarƙashin errors, akwai detail da source_field, sun kira sunan gurbin da na ɓata ɓaro-ɓaro. Ni ne nake kallon lambar ina huci, ban karanta abin da ke ƙasanta ba. Na gyara, na sake aikawa, 201, lambar da ke nuna an ƙirƙiri sabar, ta dawo ana gab da sahur. Wallahi farin cikin da na yi, kai ka ce albashi aka ƙara min.

Abin da ya sa nake son sa ke nan: idan ya ƙi, yana gaya maka dalili. To ka koma ka karanta amsar gaba ɗaya, hoton naka ya yanke daidai inda bayanin ya fara. Ka fara duba ƙofar. Ka nemi jerin allocations na nod ɗinka, wato injin da sabar ke zaune a kai, ka ɗauki id na wadda assigned ɗinta ke nuna false. Wadda wata sabar ta riga ta kama ma 422 za ta ba ka.

In ba nan ba ne, to ƙwai ne. Su Pterodactyl ƙwai suke kiran samfurin kowane wasa, egg, suna jera su a cikin sheƙa, nest. Kowane ƙwai yana da bayanan da dole ka cika masa a environment, ko da ba ka canza komai ba. Na Paper, wani nau'in sabar Minecraft, alal misali, yana neman SERVER_JARFILE da MINECRAFT_VERSION da BUILD_NUMBER. Idan kana ƙirƙira da hannu, fanel ne ke cika maka su, shi ya sa ba ka taɓa lura ba. Ta API kuwa babu mai cika maka. Ka kira ƙwan ka ƙara include=variables a ƙarshen adireshin, zai zazzage maka su duka da ƙa'idar kowanne. A nan kuma za ka kwafi docker_image da startup, kada ka rubuta su da ka. Sai limits: memory da disk da megabait ake lissafa su, don haka gig 2 shi ne 2048, ba 2 ba. Na taɓa ganin wanda ya rubuta 2 yana mamakin me ya sa sabar ke mutuwa tun ba ta tashi ba. Shi io tsakanin 10 da 1000 ne, ka bar shi a 500. Shi cpu, 100 na nufin zare ɗaya na processor, wato thread. Kuma feature_limits ba a tsallake shi, ko da sifili za ka sa.

Sauran lambobin ba su da wuyar sha'ani. 401, makullin API ɗin ne ba daidai ba, ko ka manta kalmar Bearer a gabansa. 403, makullin ba shi da izini: ka ƙirƙiro mai farawa da ptla_ daga ɓangaren admin, ka ba shi damar karatu da rubutu a kan sabar, don ptlc_ na mai asusu na gama-gari ba ya buɗe wannan ɗakin. In ka ga shafin shiga ya dawo maka maimakon JSON, tsarin rubutun da API ke amsawa da shi, ka manta sa Accept: application/json ne.

Wanda ya fi cin rai shi ne 500 ko 504, don a nan buƙatarka lafiya lau take, fanel ne ya kasa magana da Wings, ɗan aiken da ke zaune a kan nod yana tayar da sabar cikin Docker. Ka duba ko yana raye da systemctl status wings, ka tabbatar ƙofa 8080 a buɗe take, takardar SSL ɗin, wato shaidar tsaron HTTPS, kuma ba ta ƙare ba. In ka bi da adireshin nod ɗin ta cikin gajimaren Cloudflare mai ruwan lemo, wato proxy ɗinsu da ke shiga tsakaninka da nod, ka sani 8080 a wurinsu ba ta ɗaukar HTTPS. Ko ka koma 8443 ko ka kashe gajimaren. Sannan ka buɗe fayil ɗin laravel na ranar a storage/logs, cikakken labarin yana can.

To wannan fayil ɗin shi ne duk bambancin. A fanel ɗin haya ba za ka taɓa ganinsa ba. Kafin in koyi wannan aikin na biya wani riyal 400 na wata uku, API ɗinsa in ya ƙi, kalma ɗaya yake dawo min da ita, false, shi ke nan. In na rubuta masa, sai bayan kwana biyu ya amsa da “gwada yanzu”. Yabo ɗaya da zan yi masa, ranar da na biya ranar na fara aiki, ban girka komai ba.

Ba ka tambaye ni ba, amma sai na faɗa. Pterodactyl kyauta ne, lasisin MIT gare shi, duk wanda ya ce ka biya shi kuɗin lasisi ya mai da kai saniyar tatsa. Haka masu tallar RAM mara iyaka. Babu injin da ke da wannan, cusa mutum talatin suke yi a inda ya dace da goma, sai dare ya yi kowa ya hau, komai ya tsaya cak. Wasu kuma manhajar karɓar kuɗi ta sata suke haɗa maka, ba ka san abin da aka binne a cikinta ba. Mafi muni shi ne mai cewa ka turo masa makullin ptla_ ko kalmar sirrin root, babban asusun injin, zai gyara maka. Wanda ya riƙe wannan makullin zai iya goge sabar mutanenka duka kafin ka idar da sallar isha'i. In mutum ya ce a ƙasar nan yake kasuwanci, ka nemi sijil tijari ɗinsa, wato takardar rajistar kasuwanci, kuma kada ka tura kuɗin shekara guda zuwa asusun mutum, wata-wata ya isa.

Ka zauna a kan naka. VPS, wato injin da za ka girka fanel ɗinka a kai, na dala 10 riyal 37 da rabi ne, ka biya da katinka kai tsaye ba ɗan tsakiya. In 'yan wasanka a Makka da Jidda suke, ka nemi injin da ke kusa, Oracle ma suna da cibiya a Jidda tun 2020. Yanzu ka turo min amsar 422 ɗin cikakkiya da abin da ka aika, amma ka goge makullin tukuna. Wanda ya fito a hoton farko ma ka soke shi yau, mu fiye da ɗari ne a zauren nan.