Kyamarar tantance murafan kwalba: ta yi mana rana, amma hunturu ya tona mata asiri

Muna buga murfin kwalbar ruwa da na lemo a Sharaɗa, mai faɗin milimita 28 ɗin nan. Da can yara ne ke zama bakin bel suna tsince marasa kyau da ido, kuma duk wanda ya taɓa yin aikin ya san bayan la'asar ido ya gaji, komai wucewa yake. Shi ya sa muka sa kyamarar nan. Kuɗinta kuwa, ba sai na tayar muku da hankali ba.

Murfi na isowa ƙarƙashinta, fitilar da ke zagaye da ita ta haska, ta ɗauki hoto, ta gwada shi da masu kyau da aka koya mata. In ta ga aibi, iska ta fyaɗe shi cikin kwando.

Wani dare kwandon ya fara cika da sauri. Yaron da ke kan injin ya ce na'urar ce ta rikice, a kashe ta. Na ɗebo murafan na haska da tocila, kalau suke. Sai da na kifa su na duba zoben nan da ke tsinkewa in an buɗe kwalba, na ga robar ba ta cika ba a wuri guda, ɗan giɓi kamar ƙwayar gero. Kowane gurbi a mazubin da ake zuba robar yana buga lambarsa a cikin murfi, kuma lambar da ke cikin waɗannan duk iri ɗaya ce, wato gurbi guda ne ya fara toshewa. Wallahi da kayan nan sun isa wurin masu cika ruwa, da mota guda za a dawo mana da ita, ga zubewar mutunci. A daren na ce ta biya kuɗinta.

To amma da hazo ya sauko sai labari ya canza. Ƙura na kwanciya a gilashin, sai ta riƙa ganin ɗigon baƙi a murfin da ba shi da komai, tana zubar da mai kyau tuli. Sai an tsayar da bel an goge. Wanda ya sayar mana ya san Kano, ya san hunturu, bai ce a yi mata akwati mai rufi ba, sai da muka kira, kuma kiran ma ba ya ɗagawa sai ya ga dama. In muka koma daga shuɗin murfi zuwa fari, sai an sake daidaita haske an sake koya mata, kuma mutum ɗaya ne ya iya. In aka ɗauke wuta iskar kwamfuresa ta yi rauni, kyamarar tana ganin aibin sarai amma iskar ba ta da ƙarfin ture murfin, haka zai bi sahun masu kyau ya shige buhu. Wannan ne ya fi ƙona min rai, don ba ta ko yin ƙara ta sanar da kai.