Kafiretar Weber 32/36 a kan tsohuwar Hilux mai injin 22R: ta cancanci kuɗinta?

Injin 22R na Toyota, mai lita 2.4, yakan fi kafiretarsa ƙarko. Kafiretar Aisan da yake zuwa da ita tana da kyau tana sabuwa, amma idan shekaru suka ja sai sandar totur ta cinye mazauninta, iska ta riƙa shiga ta gefe, silo ya ƙi zama wuri ɗaya, ga tarin ƙananan tiyo da suka bushe suka tsage. A nan ne bakanike zai kawo maganar Weber 32/36.

Maƙogwaro biyu gare ta, na farko milimita 32, na biyu milimita 36. A tafiyar cikin gari na farkon ne kaɗai yake aiki, sai an taka totur ya kai kusan kashi biyu cikin uku sannan na biyun ya buɗe, kuma ƙarfe ne yake buɗe shi kai tsaye, ba zuƙar iska ba kamar a Aisan. Iri uku ce ta fuskar cok: DGV ta waya da ake ja da hannu, DGEV ta lantarki, DGAV kuma ta ruwan zafin inji. A ƙasar zafi irin tamu DGV ta fi, domin ba abin da zai lalace a jikinta, kuma cok ɗin sai da asubahin hunturu ake nemansa.

Abin da za a samu shi ne tashi da wuri, silo mai natsuwa, da totur mai amsawa ba tare da shaƙewa ba. Wanda yake tsammanin ƙarin ƙarfi mai yawa zai sha mamaki, don 32/36 ba ta mayar da Hilux motar tsere. Shan mai ma ya danganta da ƙafar direba: muddin maƙogwaro na biyu yana buɗe, mai yana tafiya.

Babbar matsalar tana wajen saye. Tun 1992 aka daina ƙera Weber a Bologna ta Italiya, aikin ya koma Sifen, saboda haka sabuwa ta asali za a ga sunan Weber da na Sifen a zube cikin ƙarfen jikinta, ba a manne da takarda ba. Kwaikwayonta ya cika kasuwa, da kamanni iri ɗaya da rahusa mai jan hankali. Wasu suna aiki, amma an sha samun jet, wato ɗan noti mai rami da yake auna mai ko iska, da lambar jikinsa ba ta dace da girman raminsa ba, ko fulot, abin da yake iyo a kan mai ya tsayar da shi idan ya cika, da yake shan mai ya nutse. Irin wannan ba ta saituwa komai gwanintar mai gyara. Tsohuwar Weber ta asali da sandarta ba ta girgiza ta fi sabuwar jabu.

Kafin a kwance Aisan a tabbatar ita ce mai laifin. A gyara tazarar bawul injin yana da zafi, milimita 0.20 na shigar mai, milimita 0.30 na fitar hayaƙi, a duba fulogi da taimin. Inji mai ƙonannen bawul ba kafiretar da za ta warkar da shi.

Weber ba ta hawa manifol ɗin 22R, wato bututun da yake kai mai da iska cikin inji, kai tsaye, sai da farantin haɗi mai hawa biyu da yake zuwa cikin kwalinta, kuma wannan farantin shi ne rauninta. Sau da yawa fuskarsa ba ta miƙe sosai ba. A shimfiɗa sanfefa a kan gilashi a goge kowace fuska har ta yi sumul, a sa sabon gasket a kowane hawa, a ɗaure notuna a gicciye sannu a hankali. Ɗauri da ƙarfi yana lanƙwasa gindin kafireta. Bayan mako ɗaya ana hawa a sake bin notunan, domin zafi yana sassauta su. Idan silo ya ƙi sauka, a fesa ɗan maganin wanke kafireta a gindin. In ƙarar inji ta canza, iska ce take shiga ta nan. Duk ramin tiyon da aka daina amfani da shi a manifol a toshe shi, tiyon dilko kuma a kai shi bakin da yake gindin maƙogwaro na farko.

Sai ƙarfin turin mai. Weber tana son tsakanin 2.5 da 3.5 a ma'aunin psi. In famfo ya wuce haka, mai yana rinjayar allurar fulot, ya cika ya zuba cikin manifol, sai baƙin hayaƙi da wahalar tashi idan inji ya yi zafi. Regileta ƙarama tsakanin famfo da kafireta tana maganin wannan, tare da sabuwar filtar mai. Tsayin fulot na tagulla milimita 41 ne, na roba 35.

Yawanci Weber tana zuwa da manyan jet 140 da 140, na iska 170 da 160, na silo 60 da 50, kuma wannan ya isa a fara da shi. Sukurun silo kada ya wuce juyi ɗaya da rabi daga inda ya taɓa ƙarfen totur. Sukurun haɗin mai da iska a rufe shi a hankali, a buɗe juyi biyu, a bar inji ya yi zafi, sannan a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan har a sami inda ƙarar ta fi santsi. In sai an buɗe shi kusan juyi uku, jet ɗin silo ya yi ƙarami. In ƙasa da ɗaya da rabi ne, ya yi girma. Masu ɗaga silo da wancan sukurun na silo don ɓoye matsala su ne suke jawo injin ya ci gaba da kakkarwa bayan an kashe makulli, tunda yawancin kafiretocin Weber ba su da abin datse mai na lantarki irin na Aisan.

Iyakilinar da Weber take zuwa da ita, ƙaramar mai sheƙi, ita ce abin da ya fi ban takaici a kwalin. Ba ta iya ƙurar hunturu ba, balle hanyar burji ta cin kasuwannin ƙauye, kuma ƙurar da ta wuce ta, zoben fistin take ci. A nemi murfin da zai haɗa Weber da asalin tukunyar iyakilinar Toyota, ko a sa maƙeri ya yi shi, da roba a bakin don kada ya sha iska.

Ga Hilux da Aisan ɗinta ta gama cinyewa, Weber 32/36 ta asali da regileta da iyakilinar kirki saye ne mai kyau, kuma duk jet ɗinta ana cire su da sukundireba ba tare da sauke ta daga kan inji ba. Idan kuwa sandar Aisan ba ta girgiza, kayan gyaranta da sababbin tiyo sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma aikin zai yi.